Asun Farin Kurmi Da Wasan Korau

Ku ajiye abin da ke hannunku ku dube ni, ku yaran yanzu marasa ta-ido, masu cin amana da dariya a baki. Ku ɗauki abin mutum ku ce wasa ne, ku tsinki ɗanye ku ce ya nuna, a yi muku faɗa ku ce tsohuwa ta faye mita. Jiya na ji wata a cikinku tana raɗa wa 'yar'uwarta, wai me ya ci idon Kaka na dama. To ba ciwo ba ne, ba kuwa ƙaya ba ce. Wasa ne ya ci shi. Ku gyara zama, wanda ya yi mini dariya a tsakiyar magana zai ji sanda.

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata iyaka, ya halicci giwa ya halicci asu, bai raina ɗaya ba. Ni ce Kyallu 'yar Yalwa, mutuniyar Tudun Marke, wadda ta je inda rana ba ta faɗuwa ta dawo da ƙafarta.

Ina cikin ƙarfina yanar ido ta rufe idanun innata, har ta kai ba ta bambance ni da turmi sai na yi magana. Mun sha magani, mun sha hayaƙi, shiru. Sai wani falke ya kwana a garinmu, ya ce can arewa da arewa, bayan Farin Kurmi, bayan Farin Fili, akwai dutsen da ke zubar da wani kwalli, wanda in aka zizara shi yanar kan ɗaye daga ido kamar ɓawon albasa. Na ce zan je. Inna ta lalubo tandun kwallinta ta zazzage shi, ta danƙa mini. Sannan ta ce, "Ki tafi da Korau. Mace ba ta ratsa duniya ita kaɗai."

Korau ɗan ƙanen Inna ne, watau taubashina. Uwarsa ta rasu yana goye, Inna ce ta raine shi, ƙwarya ɗaya muka sha. Kun san wasan taubasai. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, don haka ba ya kirana sai "baiwata", ni kuwa in ce da shi "ubangidan da ba shi da ko akuya". Ya sace mini ɗankwali, in ɓoye masa takalmi, ba mai fushi, ba mai shiga tsakani. Haka muka tashi.

Muka kama hanya. Muka isa Kogin Juyi, wanda da safe yake gudu gabas, da yamma ya juyo yamma. Masu fito suka ce kada a shiga lokacin da ruwan ke juyawa. Korau ya ce shi ɗan ruwa ne, ya faɗa, ruwan ya murɗe shi kamar muciya a tukunya. Na kwance ɗamarata na jefa masa, na tokare ƙafa da saiwa na ja shi har tudu. Yana aman ruwa yana cewa, "Ai dama aikin baiwa ke nan."

Muka isa Birnin Ɗaure-Fuska, inda baƙo kan shiga da sauƙi amma ba ya fita sai ya ba mai gadin ƙofa dariya. Mun tarar da fatake da suka yi furfura a ciki. Ni ban iya ba kowa dariya ba, har yau. Korau ne ya tsaya gaban mai gadin ya kwaikwayi yadda nake ciniki a kasuwa, da yadda nake harara, da yadda nake tsaki, har mutumin ya riƙe ciki ya faɗi daga kan kujerarsa. Aka buɗe mana ƙofa. Ba don Korau ba da can na tsufa. Na faɗa muku wannan don ku san ba maƙiyi ne ya cuce ni ba.

Daga nan sanyi ya fara, har muka shiga Farin Kurmi. Itatuwan can dogaye ne sirara, ɓawonsu fari fat kamar an shafe su da alli, da baƙaƙen tsage a jiki, ganyensu ƙanana masu baki kamar zarto. Mutanen wurin suka kai mu gaban Magajiyar Kurmi, wata tsohuwa gajera mai hannu kamar na maƙeri. Ta ji buƙatarmu, ta ja mu bakin wani kwazazzabo, ta sa muka leƙa ta tsakanin yatsu. Na ga farin da ban taɓa gani ba, ƙanƙara shimfiɗe har ƙarshen gani, rana na dukanta tana dawowa kamar allurai. Farin Fili ke nan.

Magajiya ta ce, "Lokacin duhu sanyi ke kashe mai ratsawa. Lokacin haske rana ba ta faɗuwa, ita kuma ido take ci. Ba a shiga sai da labulen ido, kuma kowa shi ke ɗinka nasa."

Ta tsinko wani ganye ta ɗaga shi sama. Tsakiyarsa ba kore, ya zama kamar tantani, kana hangen rana ta cikinsa ba ta cuce ka ba. Ta ce aikin asu ne. Wani ɗan asu ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, fikafikansa na ƙyalli kamar tagulla. Da bazara yake fitowa daga ƙasa, ya huda ganye ya sa ƙwai. Tsutsar ta ƙyanƙyashe tsakanin fatar sama da fatar ƙasa ta ganyen, ta yi ta cin koren da ke tsakiya ba ta taɓa fatun ba. In ta ƙoshi sai ta tsaga gefen ganyen ta faɗo ƙasa, ta shige ta yi barci sai wata shekara. Irin wannan ganyen ake jerawa bisa juna a ɗinke, a ɗaura a fuska.

Ta ce, "Doka biyu gare mu. Ba a tsinkar ganye sai mai ɗakin ta fita. Ki duba gefe, in kin ga tsagar ƙofarta, naki ne. In babu, ki bar mata. Tsutsar da aka tsinka da ita ba ta san gefe ba, inda ta ga dama nan take hudawa. Ta biyu, labule ba ya ratsa fili sau biyu, yana isa yake rududdugewa. Itatuwan da ke ƙetare ba su da asu, sai wanda matafiyi ya kai. Za ku tafi da gora cike da ƙasar gindin itace, da masu barci a ciki. Ku zuba a can, ku jira bazara, ku ɗinka na dawowa."

Na zauna aiki. Kullum ina ƙarƙashin itatuwa, wuya a ɗage, ina duba gefen ganye ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ka wuni ka samu abin da bai cika tafin hannu ba. Korau kuwa ya gano cewa in an tsaga jikin itacen wani ruwan zaƙi na fita, in ya kwana biyu ya yi tsami ya bugar. Ya samu abokai. A wurinsu ya ji cewa kwallin dutsen kaɗan yake tsattsafowa kowace shekara, kuma attajiran kudu kan ba da garke a kan cikin cokali.

Na ce masa, "Ubangida, ina labulenka?"

Ya ce, "Wane ubangida ne ke ɗinki baiwarsa na zaune?"

Na ce, "Wannan baiwar idonta take ɗinka wa. Ka tashi, lokaci na wucewa."

Da ya ga tafiya ta matso, sai ya ɓace cikin kurmi wuni guda ya dawo da labule a naɗe cikin kwasfar ɓawo, kamar yadda ake naɗe na kowa. Na yi mamakin saurinsa. Ya ce ya samu wani kwari ne da ganye ya nuna da wuri. Na yarda. Don me ba zan yarda ba?

Ranar tafiya muka sauka kwazazzabon, shi da goran ƙasa a kafaɗa, ni da guzuri. A bakin fita na ajiye kwasfata a kan dutse na ta da salla, don ban san yadda salla za ta yiwu a kan ƙanƙara ba. Da na sallame na ɗauki kwasfar. Al'adar wurin ita ce ka rufe ido, ka buɗe kwasfa, ka ɗaura labule da lalube, ka taka cikin fili, sannan ka buɗe. Haka na yi.

Ina buɗe ido na ga ɗinki a karkace, manya-manyan tsalle kamar na mai ɗinkin buhu. Ba hannuna ba ne. Korau kuwa har ya yi gaba.

Na ɗaga murya, "Kai ɓarawo! Kawo mini labulena!"

Ya juyo yana dariya, da ɗinkina a fuskarsa. "Kayan baiwa ai na ubangida ne! Ki kamo ni ki karɓa."

Wallahi dariya na yi. Na ce a raina, Korau ba zai girma ba. A fili ba a cire labule, don haka na ce in mun isa na rama, in cika masa takalmi da ƙanƙara. Na bi sawunsa. Amma na lura ba ya jira. In na yi sauri ya ƙara sauri. Na kira shi, ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. Ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama ɗigo, har farin ya haɗiye shi.

Can sai na ga inuwa na motsi a gaban idona. Na zaci jiri ne. Na tsaya na ƙura ido, sai ga su, 'yan tsutsotsi farare suna miƙa a cikin ganyen, ɗumin fuskata ya tashe su. Ɗanye ya tsinko, da masu ɗaki a ciki, kuma ya sani. Shi ya sa ya musanya.

Ban gama wannan tunanin ba ɗaya ta huda daidai ƙwayar idona na dama. Ba zan iya gaya muku zafin ba. Kamar an soka mini tsinke da aka gasa a wuta. Na faɗi na kife fuska a cinya. Na yi kuka, ba don idon ba. Na tuna ƙwaryar da muka sha tare.

Da kukan ya ishe ni na ce, Kyallu, Inna na jira. Ido a rufe na kwance labulen, na ninka shi biyu, yadda hudar wannan ɓari za ta faɗa kan lafiyayyen wancan, na ɗaura shi a idon hagu kaɗai. Na dama na ɗaure shi da ɗankwali. In wata huda ta fara haske sai in runtse in gyara ninkin. Tsutsotsin suna fitowa suna faɗowa a kumatuna. Na ɗaga hannu zan murtsuke su, don haushi.

Abin da ya tsayar da hannuna shi ne wani baƙin abu da na hanga a kan ƙanƙara. Na matsa, sai ga tulin ƙasa, ga gora a yashe. Nauyi ya dame shi, ya zubar don ya ƙara sauri. Na tona, masu barcin duk sun daskare sun mutu. Wato ya zubar da hanyar dawowarmu mu duka.

Na tsuguna a gaban tulin. Sannan na ɗebi ƙasar na cusa a tandun Inna, na sa a hammata har ta yi ɗumi. Duk tsutsar da ta faɗo a kumatuna na lallaɓa ta da ɗan yatsa na jefa a tandun, na mai da shi cikin ƙirji. Su suka ci mini ido, su kuma na goya kamar 'ya'ya har ƙetare.

Na isa ina jan ƙafa. Ga itatuwa farare, ganyensu lafiya lau ba tabon asu ko ɗaya. Ga bukkar matafiya, ga dutsen kwalli an kankare shi tas. Ga Korau zaune a ƙofar bukka, jaka cike a cinyarsa, labulena kuwa ya zama gari a gabansa. Sai a lokacin ya tuna maganar Magajiya.

Ya miƙe da murmushin dole. "Baiwata! Na ce dai za ki iso. Wasa fa nake yi, kin sani."

Na kwance ɗankwalin na nuna masa idon. Ya kau da kai.

Na ce, "Dube shi sosai. Ka ga inda wasan ya sauka."

Na juya masa baya. Na je gindin itace mafi samun rana, na tona rami na juye tandun, na rufe da busasshen ganye.

Duhu ya zo ya same mu a bukka ɗaya. Muka rayu da kifin tafki da 'ya'yan itace da na shanya. Jakar kwalli ba ta barin jikinsa, da ita yake matashi. Ya yi ta jan ni da wasa, ya kwaikwayi Magajiya, ya kwaikwayi mai gadin ƙofa. Ko haƙorina bai gani ba.

Da bazara ta yi na tare a gindin itacen. Wata safiya sai na ga ɗan ƙyalli ya tashi daga ƙasa, sai wani, sai wani. 'Yan kaɗan ne, suna rawa a cikin rana kamar tartsatsin maƙera. Ban taɓa murnar ganin ƙwaro ba sai ran nan. Ba a jima ba tabo ya fara fitowa a ganye. Na duba, na sake dubawa. Ba za su isa mutum biyu ba.

Na ce masa, "Korau, ganyen bana na mutum ɗaya ne. Ka cika mini tandun Inna, in tafi. Tsutsotsin nan in sun shiga ƙasa, baɗi za su cika kurmin nan, ka ɗinka naka ka biyo ni da sauran kayanka. Ba na son ko ƙwaya a ciki."

Ya ce, "In zauna ni kaɗai a wannan duhun? Ki tafi ki ɓata ni a wurin Gwaggo?"

Na ce, "Kai ka ɓata kanka. Kuma kada ka taɓa ganyen nan, ba su fita ba tukuna."

Ya sunkuyar da kai, na zaci ya ji. Na tafi tafki duba tarkon kifi. Da na dawo na tarar an tsige itacen, ga toka da ɗumi a murhu, ba Korau ba jaka. Dabara ya yi a ganinsa. Ya turara ganyen a hayaƙi don tsutsotsin su mutu a ciki, kada su huda masa kamar yadda suka huda mini. Bai bar mini ko cikin farce na kwallin ba.

Na zauna a gindin itacen na ɗaga kai, don hawaye su koma. Sai na hango wani reshe can ƙololuwa da hannunsa bai kai ba, da 'yan ganyaye masu tabo. Na jira su. Na jira har kowace ta tsaga ƙofarta ta sauka ƙasa lafiya, sannan na hau na tsinko. Ba za su rufe ido biyu ba. To ni ido nawa ya bar mini? Na ɗinka labulen ido ɗaya, ya zauna daram, na shiga fili da tandu wayam.

A tsakiyar fili na hango baƙin abu, na ce ko tulin ƙasar bara ne. Sai ya motsa. Korau ne a duƙunƙune cikin fatu. Ganyen da aka turara ba ya jure iska, ya farfashe masa a fuska gaba ɗaya. Ya dambara kwallin a idanunsa har kumatu, amma kwallin yanar ido yake cirewa, ba ya ta da idon da rana ta ƙone.

Ya ji takuna. Ya ce, "Wane ne? Kyallu? Baiwata, ke ce?"

Na ɗauki jakar daga cinyarsa, na cika tandun Inna, na mayar masa da sauran. Na tsaya ina dubansa. Raina ya ce in wuce. Amma na san abin da Inna za ta fara tambaya shi ne ina ɗan ƙanenta. Na kwance ɗamarar nan da na taɓa jawo shi da ita daga kogi, na ɗaura masa a ƙugu, na ce, "Tashi."

Da muka fito Farin Kurmi, Magajiya ta dube shi ta dube ni. Abu ɗaya ta tambaya. "Kin bar iri a ƙetare?" Na ce na bari. Ta gyaɗa kai ta sa aka ba ni abinci. Shi ba wanda ya yi masa sannu, har abokan shansa.

Haka na ja shi har Tudun Marke. A Birnin Ɗaure-Fuska muka zaga ta bayan ganuwa, don ba mai ba da dariya a cikinmu.

Na zizara wa Inna kwallin, yanar ta ɗaye. Abin da ta fara gani a duniya bayan shekarun duhu shi ne ramin idona. Ta shafa shi da yatsa ta ce, "Wa ya yi miki?" Na gaya mata tun daga bakin kwazazzabo har ƙarshe, ban ƙara ba ban rage ba, shi yana zaune a bakin ƙofa yana ji. Ya ce, "Gwaggo, wasa ne ya zo da tsautsayi." Inna ta kau da kai daga gare shi. Ta tashi ta ɗauki jakarsa, ta aika a kira duk mai yana a ƙasarmu, aka zizara wa kowa kyauta har jakar ta ƙare.

Ba ta kore shi ba. Ta ba shi ɗaki a zaure, kullum ita ke kai masa tuwo da hannunta. Amma in za ta ajiye akushin sai ta juya fuska ga bango. Matar da ta wuni tana kallon kaji da gajimare da zanen ƙwarya don marmarin gani, ba ta sake ɗora ido a kan Korau ba har ta koma ga Allah. Yakan ji takunta ya ce, "Gwaggo, kina dubana?" Sai ta fita. In ni ce kusa ya tambaye ni, in ce masa, "A'a."

Ya rayu ya tsufa a zauren nan da kuke wasa a ciki. Wani lokaci in na wuce yakan ɗaga kai ya ce, "Baiwata," a hankali, yana jiran in ce masa ubangidan da ba shi da ko akuya. Ni kuwa sai in tsaya, in rusuna kamar yadda ake yi wa baƙo, in ce, "Na'am, Malam Korau. Akwai abin da kake bukata?"

Haka na amsa masa har ranar da aka ɗauke shi.